Igiya, Toka da Ƙofar Marwan

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Don tsara darasi na sayi littafin nan, amma shafukan baya nawa ne.

Sati uku ke nan da na dawo Matameye daga Yamai. Shekarata ta ƙarshe ce a karatun koyar da wasannin motsa jiki, an turo ni kwalejin garinmu in yi aikin gwaji ƙarƙashin malamin wasanni, Mushe Zakariya (“mushe” muke ce wa malami namiji, aron Faransanci ne). Ranar 22 ga wata malamarmu Madam Najma za ta zo daga Yamai, ta zauna a bakin fili ta ga yadda nake koyarwa. Darasina tseren mita ɗari biyu ne. Wannan bai ɗaga mini hankali ba. Gudu na iya, ɗaga murya ma na iya.

Abin da ya dame ni yana ɗakin da ke jikin zaure. Ƙanena Marwan, ɗan shekara ta biyu a lissafi a jami'ar Damagaram, yau kwanansa talatin da ɗaya a ciki. Yakan fito alwala in ya ji tsakar gida ba kowa. Hannun da ya ji ciwo a hatsarin babur ya warke, an kwance shi tun makon jiya. Magana ce babu.

Wani abokin karatunsa ya bugo mini waya ɗazu. Jarrabawar da ta wuce Marwan za a sake ta ranar Litinin, 26 ga wata, ƙarfe takwas. Ya riga ya maimaita shekarar nan sau ɗaya lokacin da ya yi jinyar shawara. In bai zauna wannan karon ba, sun cire shi. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa sau biyu. Na ji motsin tabarma kawai.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Na zana filin tsere. Makaranta ba ta da farar ƙasa, da toka ake yi. Na share murhun Inna, na bi maƙwabta gida uku, har mai ƙosan bakin tasha sai da ta juye mini tata tana tambayata ko sabulu zan dafa.

Filin ƙarami ne, zagaye ɗaya mita ɗari biyu. Miƙe biyu, kwana biyu, layi huɗu, faɗin kowane layi mita ɗaya. A kafa turke, a ɗaura igiya, a ja da'ira, a bi da gwangwani mai huji ana zuba toka. Mushe Zakariya yana zaune gindin dogon yaro da gwiwarsa mai ciwo, yana kallona.

Ya ce, “Ku ƴan Yamai da layukanku. Shekara ashirin ina sa su gudu a dunƙule, ba wanda ya mutu.”

Ya ji abin da ya faɗa, ya san gidan da na fito, sai ya shiga gyaran hularsa. Na ci gaba da zuba toka.

Na san na waje ya fi na ciki tafiya, saboda haka na ba kowane layi gaba da mita ɗaya a wurin tashi, daidai faɗinsa. Ranar da aka koyar da wannan a Yamai ina can ina wasan ƙwallon hannu, amma abu ne na hankali.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Tseren farko. Akwai wata Anisa a ajin, doguwa, ƴar garin Ɗan Barto, kowa ya ce ba a kamo ta. Na sa ta a layi na huɗu, ta zo ta uku. Na sake sa su, ta zo ta uku. Na ba ta maki tara cikin ashirin, na kuma yi mata faɗa gaban kowa cewa suna ba ya yi wa mutum gudu.

Ta ce, “Madam, wallahi iya ƙarfina ke nan.”

Na ce to ƙarfin kaɗan ne. Ni dai bakina ya fi ƙafata sauri, Inna ta daɗe tana faɗa.

Babur ɗin yana nan a zaure, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Baba a karkace yake wucewa, kada rigarsa ta taɓa shi.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Kasuwa ta ci ta watse. Ƙofa a rufe. Saura kwana goma sha bakwai.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Jiya da na kai masa tuwo, takardar tsarin darasina tana hannuna, sai na ɗora kwanon a kanta saboda zafi, na manta da ita a kan faranti. Yau da na je ɗaukar kwanuka na tarar da ita a ninke. A wurin da na rubuta mita ɗaya an ja layi da fensir, an rubuta 6,28. A ƙasa, da ƙananan haruffan nan nasa masu kama da sawun tururuwa: “Kin cuci ta layi na huɗu da kusan mita goma sha shida.”

Kwana talatin da shida, kuma abin da ya fara fito masa ke nan, gyaran kuskurena. Na kai wa Inna. Ba ta karanta boko, amma ta karɓa ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta tambaye ni me ya ce.

Na ce, “Ya ce ni jaka ce.”

Ta ce, “Alhamdulillahi.”

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Ban yarda ba sai da na gwada. Na ɗauki igiyar awo na bi layi na ɗaya da na biyu, taku bayan taku, cikin ranar nan. Mita shida da ɗan ɗoriya. Ni da na guje wa lissafi da ƙafafuna tun ina kwaleji, ga shi ya biyo ni har fili ya kama ni gaban yara.

Kunya nake ji. Farin ciki ma nake ji. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Na gyara wuraren tashi. Da yaran suka ga Anisa can gaba, kusan mita goma sha tara tsakaninta da ta layin ciki, suka ce Madam ta yi son kai. Na ce su bari a gudu tukuna. Ta zo ta ɗaya, ba da tazarar da suka zata ba, amma ta ɗaya.

Na tara su na ce laifina ne, awona ne ba daidai ba, na soke makin ranar Alhamis. Na ba Anisa haƙuri da sunanta. Ta rufe fuska da hijabi tana dariya. Mushe Zakariya ya ce bai taɓa ganin malami ya ba ɗalibi haƙuri a fili ba, kuma kada in saba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan magariba

Mun je Dawce, ni da Baba da Inna. Yau kwana arba'in. Gidan su Yunus ya cika, an yi addu'a, an raba waina.

Yunus abokin Marwan ne tun suna aji ɗaya a nan kwalejin da nake koyarwa. Ɗakinsu ɗaya a Damagaram, karatunsu ɗaya. In ya zo gidanmu shi ke cinye ƙanzon tukunya, yana ce mini “Yaya mai usur”.

Mahaifiyarsa ta riƙe hannun Inna ta ce, “Ina ɗana Marwan? Ko leƙo ni ba zai yi ba?” Inna ta sunkuyar da kai. Da za mu tafi, mahaifinsa Malam Shekara ya rako mu har bakin hanya, ya ce wa Baba, “Malam Isufu, ku gaya wa yaron nan ba mu riƙe shi da komai ba. Kwana ne ya ƙare. Ya koma lakwal ya ci gaba da karatunsa, shi ne abin da zai yi mana.”

Ni aka ba saƙon. Na isar da shi a bakin ƙofa yadda aka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Tuwon jiya yana nan yadda na ajiye shi.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan azahar

Ya ci rabin abincin rana.

Na shiga wata dabara, Allah ya yafe mini. Kullum sai in sa takarda ƙarƙashin kwano da lissafin da na ɓata. Jiya matsakaicin lokacin gudun ƴan aji, yau faɗin filin ƙwallon hannu. Tana dawowa da gyara. Ba gaisuwa, ba komai, lambobi kawai, wani lokaci da alamar tambaya babba a gefe. Ni ko alamar tambayar ma ina so.

Baba ya ce in bar yaro ya huta, in shekara ta tafi ta tafi, rai ya fi. Na ce Baba ba shekara ce za ta tafi ba, karatun ne duka. Ya ce ya ji. Ya fita duba sungumi, wai hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Saura kwana tara.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Ya yi magana.

Na ajiye faranti zan juya, sai na ji daga ciki, murya a dishe: “Yaya Fadila.”

Na tsaya cak.

“Bakwai sau takwas ba hamsin da huɗu ba ne. Kin sani. Da gangan kike yi.”

Na ce, “To in ban yi haka ba, da me zan ji kana da rai?”

Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Can ya ce, “Kin san wani abu? Ko filinki ya kai daga nan zuwa Kance, in dai faɗin layi mita ɗaya ne, shida da ashirin da takwas ɗin nan ba ya canzawa.”

Na ce ƙarya ne, babban fili dole ya fi. Ya ce ba ya fi, girman da'irar yana fita daga lissafin, faɗin layin kaɗai ke saura. Ya yi ta bayani ta bayan ƙyaure, muryarsa tana washewa, har na ji ya ɗan yi dariya da na ce kaina ya fara ciwo. Rabin abin ban gane ba. Da zai kwana yana yi da na kwana ina ji.

Sai na ɓata komai. Na ce, “Marwan, Litinin mai zuwa fa.”

Ya ce, “Ba jarrabawar ba ce, Yaya. Hanyar ce. Ba wata hanyar Damagaram sai ita.”

Maimakon in yi shiru, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce uwar Yunus tana nemansa yana nan yana ɓuya, na ce ba shi kaɗai abin ya shafa ba, na ce Inna ta rame saboda shi. Duk gaskiya ne, kuma duk bai kamata su fito yau ba. Na ji ya sa sakata.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Na sa takarda. Ta dawo ba gyara. Bakina, bakina.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan magariba

Ruwan farko ya sauka, mai yawa, tun la'asar sakaliya har yanzu yana yayyafi. Unguwa duk murna, Baba yana auna irin gero a tsakar ɗaki, Inna tana neman ƙwaryar shuka. Gobe duk mai gona yana gona.

Ni kuma gobe Madam Najma za ta zo ƙarfe tara, kuma layukana na toka ne. Buhu biyu na toka sun rage mini a zaure, Allah ya sa ban bar su a waje ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan azahar

Ana idar da sallar asuba Baba da Inna suka fita da sungumi da iri. Na bi ta gidan Mushe Zakariya, matarsa ta ce shi ma ya tafi gona da gwiwar tasa, zai zo kafin tara. Ban ga laifinsa ba, ruwan shuka ba ya jiran baƙuwa daga Yamai.

Na ɗauki buhu ɗaya a ka, ɗayan ya fi ƙarfina a tafiya guda. Fili kamar ba a taɓa zana komai a kai ba. Na kafa turke, na ja igiya, turken ya tuge saboda yashi ya jiƙe. Na sake, ya tuge. Na uku ma haka. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya danne turke ɗaya ya ja da'ira, ni kuma duk garin ba wanda zan kira. Na zauna a kan buhun. Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan.

Sai na hango wani yana tahowa ta gefen azuzuwa da buhu a kafaɗa, cikin tsohuwar rigar Baba, yana ƙyafta ido kamar wanda haske ke yi wa ciwo. Ya rame, gashi ya cika masa kai. Buhun nan a jikin babur na jingina shi jiya. Sai da ya ɗaga tabarmar kafin ya ɗauko shi, na san haka, shi ma ya san na sani.

Ya sauke ya dubi turken ya ce, “Cibiyar ba nan take ba. Kin kauce.”

Na ce, “To malam, gyara.”

Ya karɓi igiya ya ƙulla ta wuri uku, mita uku, mita huɗu, mita biyar, ya ce in riƙe nan in ja can, sai ga kusurwa ta fito cif. Ya durƙusa ya danne turke da hannu biyu, har da hannun da ya ji ciwo, ni ina zagayawa da gwangwani. Layi biyar na toka a kowace kwana. Ba mu yi wata hira ba, daga “ja” sai “saki kaɗan” sai “ya yi”. Shi ya auna wuraren tashi. Ƙarfe takwas da rabi muka gama, hannuwanmu fari fat.

Na ce, “Abin da na faɗa ranar Litinin…”

Ya ce, “Ba ƙarya kika yi ba.”

Yara goma sha huɗu suka zo cikin arba'in da shida, wasu da laka a ƙafa daga gona. Madam Najma ta duba layukan ta tambaye ni wa ya yi lissafin tazarar. Na ce ƙanena, amma yanzu na iya, na kuma yi mata bayani a kan yashi da tsinke. Ta gyaɗa kai ta rubuta abin da ta rubuta. Da na waiga gindin dogon yaro, Marwan ya tafi.

Na dawo na tarar da ƙofarsa a buɗe, yana barci.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Ya wanke kayansa ya shanya. Ya je wanzami. Ba wanda ya tambaye shi komai, Inna ta hana, ta ce duk wanda ya buɗe baki ita da shi, kuma ni take kallo.

Bai ce zai tafi ba. Bai ce ba zai tafi ba. Na ga littattafansa a kan tabarma, a buɗe.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar, Damagaram

Da safe ya tsaya bakin ɗakina da jaka ya ce, “Yaya, za ki raka ni?” Ko ɗankwali ban tsaya zaɓa ba. Baba ya dafa kansa ya yi addu'a. Inna ta juya baya tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara.

A tasha ya tsaya jikin motar har direba ya fara ƙorafi. Ya shiga. Na ba shi tsakiya na zauna jikin taga, don kada ya ga gefen hanya sosai. Duk gonaki mutane ne a duƙe suna shuka.

Bayan mun wuce Kance akwai wata kwana da gawo a gefenta. Tun kafin mu kai na ji numfashinsa ya canza. Ya kama hannun rigata ya murɗe. Bai rufe ido ba, ya leƙa ta gabana ya kalli wurin sosai.

Ya ce, “Nan ne.”

Na ce, “Na gani.”

Motar ta wuce. Bai saki rigata ba sai da muka shigo gari. Mun sauka gidan ƙanwar Baba. Yana can ɗaki da littafi, ban sani ba ko karatu yake ko kallon shafi.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe takwas da rabi na safe

Ina zaune a dakalin da ke ƙarƙashin tagar ɗakin jarrabawa. Tagar a buɗe take saboda zafi, ina jin komai.

Kafin a raba takardu malamin ya kira suna, kowa yana amsawa. Ya kira Marwan Isufu, na ji ya amsa a hankali. Aka ci gaba. Can wajen ƙarshe malamin ya ce, “Yunus Shekara.”

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Shi ma jarrabawar farko ta wuce shi, sunansa yana cikin masu sakewa.

Ba wanda ya amsa. Ƴan ajin duk sun sani, suka sunkuyar da kai. Malamin baƙo ne, ya ɗaga ido ya sake kira, “Yunus Shekara?”

Na ji kujera ta motsa. Na miƙe na leƙa, ina cewa a raina shi ke nan, fitowa zai yi. Marwan yana tsaye, ya dafa tebur da hannu biyu.

Ya ce, “Mushe, Yunus ya rasu. Ranar huɗu ga Afrilu, a hanyar Kance. Ni nake tuƙa babur ɗin.”

Malamin ya sauke takardar ya ce, “Allah ya jiƙansa.” Ɗakin duka ya ce amin. Ni ma na ce, daga waje.

Sati uku ina cika shafukan nan, ban iya rubuta kalmar ba sai yanzu da na ji ta a bakinsa. Yunus ya rasu. Ina kewarsa, kuma ina kuka a dakalin mutane ba kunya.

Marwan ya zauna. An ajiye masa takarda. Daga nan bayansa nake hangowa. Ya daɗe bai taɓa ta ba, har na fara ƙirga mintoci.

Yanzu yana rubutu.